Ɓarawon da Ya Wanke Takalminsa

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safiyar Talata aka shigo wa Sufeto da ƙarar satar kaji. Ko ɗago kai bai yi ba. Shekara talatin da ɗaya yana aikin ɗan sanda, saura wata bakwai ya yi ritaya, gwiwarsa ta hagu ma tuni ta riga shi yin ritayar. A ganinsa, mutumin da ya binciki kisan kai fiye da sau goma ya wuce a tashe shi daga kujera saboda kaza.

"A ba Kofur," ya ce.

"Yallaɓai, ba irin wannan satar ba ce," in ji Saje. "Likitar dabbobi ce ta zo da kanta, ta ce kai take son gani."

Kafin ya ce a shigo da ita har ta shigo. Mace ce gajera, idanunta jajur don rashin barci. Ta ture masa kofin shayi gefe, ta shimfiɗa taswirar gari a kan teburin kamar nata.

"Ka san babban gidan kajin da ke bayan tashar manyan motoci?"

"Na san warinsa."

"Jiya aka tabbatar mana murar tsuntsaye ce ta shiga. Kaji dubu tara. Mun rufe gidan, muna kashewa muna binnewa ɗaki bayan ɗaki. Ɗaki na huɗu muka bari sai yau, can ne kajin iri suke. Da muka buɗe da safen nan, keji guda babu ko gashin kaza. Kaji arba'in, zakaru huɗu."

"Cikin dubu tara, arba'in da huɗu ne suka hana ki barci?"

"Dubu taran na san inda suke."

Ta ciro jan biro ta zana ƙaramar da'ira a kewayen gidan gonar. Ta ce wannan kilomita ɗaya ce, duk kazar da ke ciki ta tafi, babu roƙo. Idan ya samo mata kajin da aka sace, za ta zana irinta a inda aka same su, magana ta ƙare. Idan kuwa sha biyun ranar gobe ta buga ba ta san inda suke ba, to dole ta ɗauka suna ko'ina. Ta sake zana wata da'irar, babba, ta kilomita biyar.

Sufeto ya sa tabarau ya duƙa. Bai sha wahalar gano layinsu ba. Yana cikin babbar da'irar, can kusa da bakinta.

Matarsa na da kaji masu ƙwai ɗari da tamanin a bayan gida. Da guda goma sha biyu ta fara, shekara shida da suka wuce. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk sanda ya tuna ritaya gabansa ya faɗi, kukan kajin nan ne ke kwantar masa da hankali. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki hularsa.

"Saje, ɗauko mota."

A ƙofar gidan gonar Likita ta tare shi da hannu.

"Yallaɓai, takalmi."

"Me ya yi?"

"Cire shi za ka yi."

Saje yana can yana fama da wani babban allo da aka kafa a jikin gini. Ya haɗa baƙaƙen da ƙyar. "Bayosikuriti. Kamfanin masu gadin ke nan?"

"Gadi ne, amma na abin da ido ba ya gani," in ji Likita. "Abu uku ne kawai. Kar cuta ta shigo. In ta shigo, kar ta tsallaka daga ɗaki zuwa ɗaki. In ta tsallaka, kar ta fita waje. A tafin takalmi take tafiya, da tayar mota, da kwandon ƙwai, da hannun mutum. Ma'aikatan nan ba su damu da dogon sunan ba, dokar Baba suke ce mata."

"Wane Baban?"

"Shugaban ma'aikata. Baba Tsoma suke ce masa, don ko gaishe shi ka yi, amsarsa ita ce ka tsoma ƙafa. Shi ne ya kira mu da kansa ranar da kaji suka fara faɗuwa."

Aka ba su rigunan aiki da takalman roba da safar hannu da abin rufe hanci. Sufeto ya taka cikin wani faffaɗan tire mai ruwan magani yana guna-guni. Can ƙarshen fili motar haƙa rami tana ta aiki, mutane cikin fararen riguna suna jan buhuna. Gidan da ya kamata ya cika da hayaniyar kaji ya yi tsit, shirun nan kuwa ya dame shi fiye da warin.

Ya zagaya shinge, babu inda aka yanke waya. Ya duba kwaɗon ɗaki na huɗu, lafiyarsa ƙalau.

"A buɗe kuka same shi?"

"A kulle."

A bakin ƙofar akwai turakun ƙarfe da ake kifa takalma. Kowane ɗaki da launin takalminsa, na ɗaki na huɗu ruwan ɗorawa ne. Ƙafa biyar duk sun bushe. Na shidan yana ɗigar da ruwa, an wanke shi tas har ƙarƙashi. Sufeto ya duƙa ya leƙa tiren maganin da ke bakin ƙofar, ya ga ruwan garau.

"Ku kuka canja wannan ruwan?"

Likita ta girgiza kai. "Jiya da yamma kamar taɓo muka bar shi. Kuma tun ƙarfe huɗu na hana kowa zuwa nan."

Ya daɗe a tsugune. A shekarun da ya yi yana bin sawun ɓarayi ya ga wanda ya ci abinci a gidan da ya fasa, ya ga wanda barci ya kwashe a kan kayan sata. Bai taɓa ganin wanda ya wanke takalmi, ya canja ruwa, ya kulle ƙofa ba. Sai da Saje ya kama masa hannu sannan ya iya miƙewa.

Manajan gidan mutum ne mai son tsafta da yawan duba agogo. Ya ba su kujeru a ofishinsa, ya ce shi ma abin ya ɗaure masa kai.

"Makullin ɗaki na huɗu nawa ne?"

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe. Jiya na miƙa wa Likita."

"Baƙi na shigowa nan?"

"Haba! Rabonmu da baƙo ya fi wata uku. Ga littafin ƙofa, ka duba."

Sufeto ya buɗe littafin. An yage shafi guda daga tsakiya, da kyau, da reza. Ya juya yana kallon hotunan da ke jikin bango, ya tsaya a kan wani sabo. Mai gidan gonar ne da wasu manyan mutane uku a cikin ɗakin kaji, ɗaya ya rungumi kaza yana dariya, Manaja na tsaye a gefensu.

"Yaushe aka ɗauki wannan?"

"An daɗe."

"Agogon da ke hannunka ne a hannunka cikin hoton, ga shi ko ledar fuskarsa ba ka ɓare ba. Kuma ina ganin takalman mutanen nan. Na fata ne."

Manaja ya goge goshi. Ya ce kwana goma sha ɗaya ke nan. Mai gida ne ya zo da abokansa, su ma masu gidajen kaji ne a wani gari, suna son ganin wuri.

"Ba a ce su canja takalmi ba?"

"Baba ya ce. Ya tsaya a bakin ƙofa ya hana. Mai gida ya ce ba zai sa manyan mutane su tuɓe takalmi a gabansa ba, ya aike shi sito ya ɗauko kujeru. Kafin ya dawo sun shiga ɗaki biyu."

"Shafin fa?"

"Mai gida ne ya ce in cire."

"Koma kan makulli."

Manaja ya kalli ƙasa. "Baba na da ɗaya. Tun kafin a ɗauke ni aiki yake hannunsa. Amma ranka ya daɗe, kowa a gidan nan zai iya wannan aika-aikar ban da shi."

Mai gadi kuwa rantsuwa ya fara tun kafin a tambaye shi. Ya ce tun magariba har hantsi ƙafarsa ba ta bar bakin ƙofa ba, ko ƙuda bai wuce shi ba.

Sufeto ya nuna masa ƙasa. Daga bakin ƙofar zuwa titi akwai layuka biyu masu danshi, tazarar tayoyin amalanke, suna warin maganin nan.

"Ƙudan nan da taya yake tafiya?"

Sufeto ya nuna masa tsallaken titi.

"Mai shayin da ke tsallaken titi ya ce wa Saje kai ne ke fara buɗe masa kasuwa kullum. Minti nawa kake yi?"

"Kamar talatin, yallaɓai. Da asuba ne kawai. Mutum ai ba ƙarfe ba ne."

"Wa ya san da haka?"

"Duk wanda ke aiki a ciki."

Saje ya dawo daga sito da takarda a hannu. Ya karanto abin da ba a gani ba: amalanke ɗaya, kwandunan kaji huɗu, buhun abincin kaji ɗaya, sabon takalmin roba ƙafa ɗaya, da jarkar maganin feshi.

"Maimaita na ƙarshen."

"Jarkar magani, yallaɓai."

Sufeto ya yi ajiyar zuciya. Wanda ya saci kaza don tukunya ko don kasuwa ba ya ɗaukar magani. Wannan ɓarawon kiwo zai yi. A nan ya ji ɗan sauƙi, don aƙalla kajin suna wuri guda ba su watsu a kasuwa ba. Ya kuma ji wani nauyi, don ya riga ya san gidan da za shi.

Likita ba ta bar su sun fita ba sai da aka fesa wa motarsu magani ciki da waje. Ta kuma gargaɗe shi kada ya kusanci kaza mai rai har kwana uku.

Gidan Baba Tsoma ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, a share kamar za a ci abinci a ƙasa. Babu kaza, babu tantabara. Matarsa ta ce shekara ashirin da biyu bai yarda ko ɗan tsako ya kwana a gidan ba, don mai aikin gidan kaji ba ya kiwo a gidansa.

Shi Baban yana zaune a kan benci, dogo ne ya ɗan ranƙwafa, hannuwansa manya duk sun tsattsage. Ya amsa gaisuwa a hankali.

"Baba, ina ka kwana jiya?"

"A nan."

"Da asuba fa?"

"A nan. Ba ni da lafiya. Rabona da gona tun jiya da azahar."

"Ina makullin ɗaki na huɗu?"

"Ya ɓata, an jima."

Sufeto ya kalli igiyar shanya. Riguna biyu da wanduna biyu, duk jiƙaƙƙu, warin maganin nan na tashi daga jikinsu.

"Mara lafiya da wanki haka?"

"Ai yau wanka uku ya yi," in ji matar daga bakin murhu. "Na ce masa zazzaɓi zai ja wa kansa."

Baba bai kalle ta ba, bai kuma kalli Sufeto ba.

"Kajin kejin nan, wa ke kula da su?"

"Ni." Muryarsa ta ɗan canja. "Ni na haɗa irinsu. Shekara tara ina zaɓa ina warewa. Suna jure zafi, ba sa yanke ƙwai. Babu irinsu a ko'ina."

"Gobe sha biyu, in ba a same su ba, Likita za ta kashe kajin rabin garin nan. Ka sani?"

Tsohon ya murza tafin hannunsa. "Allah ya sa a same su," ya ce.

A mota Saje ya ce su koma su ɗauko shi kawai, kwana ɗaya a bayan kanta zai buɗe masa baki. Sufeto ya girgiza kai. Ya san irin waɗannan mutanen, in ka kulle su sai su kulle bakinsu su jefar da makullin. Amma wanda ya yi shekara tara yana renon kaji ba zai bar su su wuni da ƙishirwa ba. Ya ce Saje ya samu wuri ya tsare ƙofar gidan, in ya fito ya bi shi.

Ana kiran magariba ya isa gida. Bai kai ga taɓa ƙofa ba ya ji muryar matarsa daga ciki.

"Tsaya nan, Baban yara. Na ji inda ka wuni."

"An fesa min magani har cikin kunne."

"Ko a cikin jarkar aka jiƙa ka, ba za ka shigo ba."

Ta miƙo masa tabarma da bargo da kwanon abinci ta saman ƙyaure, ta ce ya yi zamansa a rumfar mota. Daga bayan gida yana jin kajin suna 'yan ƙananan koke-kokensu na shirin kwanciya.

"Wa ya koya miki wannan mugun halin?"

"Baba Tsoma mana. Ranar da na sayo 'yan tsakina na farko, shi ya biyo ni har gida ya nuna min inda zan ajiye tiren magani. Duk matan layin nan masu kiwo shi ya koya mana, ko ruwa bai taɓa sha a gidan kowa ba." Ta rage murya. "An ce akwai wata babbar da'ira."

"Akwai."

"Muna ciki?"

"Muna ciki. Sai in na samo su kafin sha biyu."

"To ka samo su. Ai ka samo waɗanda suka fi kaji wayo."

Da dariya ta faɗa, amma ya san ta ƙarfin hali ce. Ya ci abincin ba don yana jin daɗinsa ba. Tausayinta ya kama shi, da haushin kansa, don shekara shida ko sau ɗaya bai taɓa taya ta ɗaukar buhun abincin kajin ba.

Gari na wayewa wayarsa ta tashe shi. Saje ne, murya a sanyaye.

"Yallaɓai, ya kuɓuce min. Ashe gidan na da ƙofar baya."

Sufeto ya ajiye wayar ya zauna a kan tabarma, bayansa duk ya ƙage. Saura awa shida. Yana nan zaune yana murza gwiwa sai ya ji carar zakara.

Da a ɗaki ya kwana, da fanka a kansa, da bai ji ba. Cara ce mai kauri, a shaƙe, ba irin ta 'yan zakarun unguwa ba. Wani ya amsa, wani ya sake amsawa. Masu kiwon layin duk kajin ƙwai gare su, ba sa ajiye zakara. Kuma sautin daga bayan shagon mai walda yake fitowa, inda babu komai sai wani kango da mai shi ya gina har rufi ya watsar.

Ya kira Saje ya faɗa masa inda zai same shi. Sannan ya taka da ƙafa. Layi biyu ne kacal tsakanin gidansa da wurin.

Kangon kamar kowane kango, ciyawa da ɓaraguzan bulo. Sai dai a bakin ƙofarsa akwai tire mai ruwan magani garau. Gefe an kafa sanduna biyu, an kifa takalmin gida a kai. An zuba farar ƙasa a kewayen ginin, an toshe tagogi da raga. Amalanken na jingine a jikin bango, a wanke.

Saje ya iso yana haki. Sufeto ya tura ƙyauren langa-langa.

Baba Tsoma na tsugune yana zuba ruwa a mazubi. Bai firgita ba. Ya waiwayo ya kalli ƙafafunsu.

"Kar ku shigo. Ku tsaya daga nan."

Suka tsaya. Kajin manya ne jajaye, kyawawa, irin waɗanda ko wanda bai san kaza ba zai tsaya ya kalla. Amma wasu sun takure a lungu, fuka-fukai a sake, kawunansu sun kumbura. A gefen ƙofa akwai buhu ɗaure da igiya.

"Mene ne a buhun?"

"Uku. Da safen nan na same su." Ya ajiye butar. "Ni na ɗauke su, Sufeto. Ni kaɗai, kar a taɓa mai gadi. Ɗaki na huɗu baƙin nan ba su shiga ba. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, idonsu garau, suna ci suna sha. Na ce in na raba su da gidan, na tsare su yadda na iya, za su tsira. Shekara ashirin da biyu ban bar cuta ta shiga gidan gonar ba. Mutum huɗu suka rushe shi cikin minti goma, saboda kunyar cire takalmi. Sai kuma a ce nawa, da ba su yi laifin komai ba, a zuba su a rami?"

"Me ya sa nan?"

"Na auna. Babu kaji kusa. Mafi kusa na gidanka ne, taku ɗari huɗu da sittin. Na ce ya isa." Ya sunkuyar da kai. "Ashe da cutar na fito."

Saje ya ja Sufeto gefe, ya rage murya.

"Yallaɓai, wa ya san mun same su a nan? Mu uku ne. Mu zuba su a buhu, mu kai kwazazzabon da ke bayan gonar, mu ce can muka tsince su. Can ɗin ai yana cikin ƙaramar da'ira. Babbar ta faɗi, ba a zana sabuwa ba. Kajin gidanka sun tsira, na matan layin nan ma sun tsira. Wa aka cuta?"

Sufeto bai tsawata masa ba, don tun a hanya shi ma tunanin ya zo masa. Ya jingina da bangon. A shekara talatin da ɗaya ya sha kau da kai a kan abin da ya fi wannan, don mutanen da ko sunansa ba su riƙe ba. Wannan kuwa don matarsa ne. Ya gaji, kuma yana son ya ce to.

Ya koma bakin ƙofar.

"Baba, tambaya ɗaya, kuma kar ka yi min irin amsar jiya. Cutar ta fita daga ɗakin nan?"

Tsohon ya miƙe tsaye.

"Ta ƙafata ba ta fita ba. Ta taya ba ta fita ba. Wannan na rantse." Ya nuna wani ɗan rami a gindin bango, kusa da buhun abinci. "Amma jiya da yamma na ga ɓera a cikin mazubi. Na kai masa duka ya shige nan. Ban san gidan da ya nufa ba. Shi ban iya sa masa takalmi ba."

"In ta shiga kajin layin nan, kwana nawa kafin a gani?"

"Biyu, uku. Kafin nan ƙwansu ya je kasuwa, kwandunan sun shiga wasu gidajen. Da ni ne kai, da na kira Likita." Ya share ido da bayan hannu. "Da ni ne ni ma, da ban ɗauko su ba."

Sufeto ya ciro waya. Ya faɗa wa Likita sunan layin, ya kwatanta mata shagon mai walda, ya ce arba'in da ɗaya da rai, uku matattu. Ya ji ƙarar takarda, ya san taswirar take buɗewa.

"Sufeto, ba nan ne unguwarku ba?"

"Nan ne."

"Ka san abin da zan zana."

"Na sani. Ki zo da mutanenki."

Cikin rabin awa motarsu ta iso. Aka sa Baba ya tuɓe kayan aikin, aka fesa musu magani su uku. Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya ce ya mayar, tsohon ba inda za shi. Baba ya roƙi alfarma ɗaya, a tafi da shi kafin a fara. Aka kira motar 'yan sanda aka sa shi a baya, ya zauna ya haɗa manyan hannuwansa a cinya, bai waiwayi kangon ba. Mutanen layi sun fara taruwa, wata mata cikin masu kiwo ta gaishe shi da ladabi, don ba ta san abin da ke tafe ba tukuna.

Motar na juyawa wayar Sufeto ta yi ƙara. Matarsa ce.

"An ce an ga motar 'yan sanda. Ka same su?"

"Na same su."

"Alhamdu lillahi. Ai na ce za ka iya. To mun tsira ke nan."

"Uwargida, saurara. A kangon bayan mai walda na same su."

Ta fi shi sanin nisan wurin, kullum ta nan take bi in za ta kai ƙwai.

"Yaushe za su zo?"

"Bayan la'asar, in ji Likita."

"Duka?"

"Duka."

Ya jira ta yi kuka, ko ta tambaye shi ko babu yadda zai yi. Da ta tambaya, bai san amsar da zai ba ta ba. Ta bayanta yana jin kajin suna hayaniya, lokacin cinsu ya yi har ya gota.

"Ban ba su abincin safe ba," ta ce. "In ba su, ko in bari?"

"Ki ba su," ya ce. "Ga ni nan zuwa in ɗaukar miki buhun."

"A'a, Baban yara. Kwana uku aka ce maka."